Aladen tagulla tsakanin Jami'ar Iowa da ta Minnesota: sulhu aka yi ko rufa-rufa?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka fara zancen kofunan da jami'o'in Amurka suke takara a kansu a ƙwallon ƙafar Amurka, irin su tulun da ke tsakanin Michigan da Minnesota da gatarin da ke tsakanin Minnesota da Wisconsin, nake son in kawo tarihin wanda ya fi damuna a cikinsu, wato mutum-mutumin aladen tagulla da ake kira Floyd of Rosedale. Jami'ar Iowa da Jami'ar Minnesota ne suke karawa a kansa kowace shekara, wadda ta ci ta ɗauke shi ta ajiye sai baɗi.

Jami'o'in biyu sun fara haɗuwa a 1891, amma labarin aladen ya samo asali ne daga wasan 1934 da aka yi a garin Iowa City. A wannan shekara Minnesota, a ƙarƙashin koci Bernie Bierman, ba ta da na biyu a ƙasar, kuma ta ci Iowa 48 da 12. A cikin 'yan wasan Iowa akwai wani saurayi baƙar fata mai suna Ozzie Simmons, ɗan jihar Texas, wanda ya yi suna wajen zulliya da gudu da ƙwallo tun wasanninsa na farko. An ruwaito cewa sau uku ya suma a wasan nan, kuma bai kai hutun rabin lokaci ba aka fitar da shi. Mutanen Iowa suka ce da gangan aka riƙa haye shi ana danna masa gwiwa bayan ya faɗi, alƙalan wasa suna kallo.

Da aka zo 1935 sai jadawali ya sake kai Minnesota Iowa City. Ana gab da wasa gwamnan Iowa, Clyde Herring, ya ce idan alƙalai suka ƙyale irin mugun wasan bara, to 'yan kallo ba za su ƙyale ba. Mutanen Minnesota suka ɗauki maganar a matsayin ingiza taro, Bierman ya yi barazanar yanke hulɗar wasanni da Iowa. Sai gwamnan Minnesota, Floyd Olson, ya buga wa Herring wayar tangaraho cikin raha, ya ce su yi caca: ya sa zaɓaɓɓen aladen Minnesota, Herring ya sa na Iowa, wanda jiharsa ta sha kashi ya kai aladen da ƙafarsa. Herring ya yarda. Ranar 9 ga Nuwamba 1935 Minnesota ta ci 13 da 6, aka tashi lafiya babu wanda aka taɓa.

Ra'ayina shi ne, aladen nan ya kashe wutar rikici, amma ya binne maganar da ta tada rikicin. An fara da tambayar ko an zalunci Simmons saboda launin fatarsa, aka ƙare da gwamnoni biyu suna dariya a gaban masu ɗaukar hoto. Babu wanda aka bincika, babu wanda ya ba shi haƙuri a hukumance. Ina son in ji abin da kuke gani.

Auwalu:
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kafin a yi nisa, me ya sa alade? Gwamna guda ya rasa abin da zai sa sai wannan dabba?

Hajiya Rabi:
Auwalu, a wurinmu ƙazanta ce kuma haramun ne, amma a can dukiyar manomi ce. Iowa ita ce kan gaba a duk Amurka wajen kiwon aladu, Minnesota ma tana cikin jihohin da ke sahun gaba, don masarar da suke nomawa da yawa a cikin aladu take ƙarewa kafin ta zama kuɗi. Ka kuma tuna lokacin da abin ya faru. Shekarun karyewar tattalin arziki ne, farashin amfanin gona ya faɗi warwas, har a 1933 gwamnatin shugaban ƙasa Roosevelt ta sayi aladu kusan miliyan 6 ta yanka domin farashi ya tashi, kuma ministan noman da ya jagoranci shirin, Henry Wallace, mutumin Iowa ne. Saboda haka da Olson ya ambaci alade, ya taɓa abin da kowane manomi a jihohin biyu yake alfahari da shi kuma yake kwana da damuwarsa.

Aladen da Herring ya biya da shi ya fito ne daga wata gona mai suna Rosedale kusa da garin Fort Dodge, aka sa masa sunan gwamnan da ya ci cacar, shi ne asalin sunan kofin. Herring ya cika alkawari, ya kai shi har cikin ofishin Olson a St. Paul, babban birnin Minnesota.

Alhaji Isuhu:
Malam Habibu, na karanta bayaninka da kyau, amma ban yarda da hukuncin da ka yanke wa Olson ba. A duba halin da ake ciki a daren nan. Mutum fiye da 50,000 za su cika fili washegari, an shekara ana hura musu wuta a jaridu, ga shi gwamnansu da bakinsa ya nuna musu cewa idan suka ɗauki doka a hannunsu ba zai ga laifinsu ba. Bierman ya ga abin ya kai inda ya kwashe yaransa ya tsallaka kogin Mississippi ya kwanar da su a Rock Island cikin jihar Illinois, don kada su kwana a ƙasar Iowa. A irin wannan dare, shugaban da ya san abin da yake yi ba zai buɗe kotu ba, ruwa zai nema ya zuba wa wutar.

Abin da Olson ya yi shi ne ya mayar da gaba ta koma wasan taubasai, kamar yadda Bafulatani da Babarbare za su yi ta zolayar juna ba tare da kowa ya zare wuƙa ba. Ya ba Herring hanyar janye maganarsa ba tare da ya ji kunya ba, ya ba 'yan kallo abin dariya a maimakon abin fushi. Kuma wa ya fi amfana da wannan? Simmons ne da kansa. Da an yi tarzoma a filin nan, da sunansa za a ce an yi, kuma a Amurkar 1935 kowa ya san a kan wa alhaki zai faɗa. An yi wasa mai tsafta, bayan an tashi 'yan Minnesota suka yaba masa, shi ma ya yaba musu. A ganina wanda ya cancanci zargi a labarin nan Herring ne, don gwamna ba ya cewa taro zai hukunta baƙi.

Malam Habibu:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na yarda cewa maganar Herring ganganci ce, na kuma yarda cewa an tsira da rayuka. Amma taubasantaka tsakanin mutane biyu masu ƙafa ɗaya take yiwuwa, kuma gwamnonin nan su ne taubasan, ba Simmons ba. Shi ba a tambaye shi ko ya yafe ba.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai a cikin wayar Olson. Cikin raharsa ya ce hankalin mutanen Minnesota ya tashi da jin cewa taron Iowa zai yi wa 'yan wasansu kisan gilla irin na gungun mutane. Shekara 15 kacal kafin nan, a watan Yuni na 1920, a garin Duluth cikin jihar tasa, gungun fararen fata suka fasa ofishin 'yan sanda suka fito da samari baƙaƙe uku suka rataye su a jikin falwayar fitila a tsakiyar gari. Gwamnan jihar da aka yi wannan a cikinta ya ɗauki irin wannan kisa ya yi barkwanci da shi, a rikicin da asalinsa dukan baƙin yaro ne, kuma a wayar tasa bai ambaci yaron ba. Wannan ya nuna mini wanda ake tunani a daren nan da wanda ba a tunani.

Dakta Bala:
Ina so in shigo ta wani ɓangare, don kada mu yanke hukunci a kan abin da ya faru a 1934 kafin mu fahimci yadda ake buga wasan a lokacin. Hular kwano ta fata ce, babu ƙarfen kare fuska, kuma ɗan wasa ɗaya yake kai hari ya kuma dawo ya tsare gida kusan tsawon wasa. Dokar canji ma tana da tsauri, wanda aka fitar ba ya dawowa yadda ya ga dama. Saboda haka dabarar da kowace ƙungiya ta sani ita ce a gano gwanin abokan karawa a ragargaje shi tun da wuri. Minnesota ta Bierman da ƙarfin jiki ta yi suna, manyan samari ne 'ya'yan manoma da masu haƙar ma'adinai, kuma ba a ci ta ko sau ɗaya ba a 1934 da 1935. Simmons kuwa shi ne kusan dukkan makamin Iowa. Ko da fari ne, da sun neme shi.

Shi kansa da ya tsufa an tambaye shi, ya ce a jinsa sun bi shi ne saboda ya iya, amma kasancewarsa baƙi ya ƙara wa abin ƙarfi. Ina ganin ya kamata mu tsaya inda mai abin ya tsaya, kada mu rage kada mu ƙara. A lura kuma cewa a 1935 ita ma Minnesota tana da baƙin ɗan wasa, Dwight Reed.

Hajiya Rabi:
Dakta, sunan da ka kawo hujjar Malam Habibu ce, ba taka ba. A wannan shekarar ta 1935 da Jami'ar Tulane ta zo daga kudu, Minnesota ta zaunar da Reed a benci saboda baƙin sun ƙi shiga fili da baƙar fata, kuma jami'ar ta biye musu. Ƙungiyar da za ta ajiye ɗanta don ta faranta wa masu wariya rai, ba za a ce launin fata ba ya cikin lissafinta ba.

Sa'an nan mutanen Iowa ba haka kawai suka fusata ba. A watan Oktoba na 1923 Jack Trice, baƙin ɗan wasan Iowa State, wadda take garin Ames kuma jami'a ce dabam da ta Iowa City, ya buga da Minnesota a Minneapolis. Ƙashin kafaɗarsa ya karye tun farkon wasa ya ci gaba, daga baya aka tattake shi a ciki, bayan kwana biyu ya mutu. Har yau masana tarihi suna saɓani a kan ko da gangan aka yi, amma bayan wasan 1924 Iowa State ba ta sake wasa da Minnesota ba sai 1989. Mutumin da ya zauna a filin nan a 1934 yana kallon ana ɗauke Simmons a sume, shekara 11 kawai ke tsakaninsa da gawar Trice. Ba na kare Herring, amma na fahimci inda fushin ya fito.

Dakta Bala:
Hajiya, na karɓi batun Reed, hujja ce mai ƙarfi. Abin da nake gudu kawai shi ne a mayar da Iowa wankakkiya a labarin. Gaskiya ne ta riga jami'o'i da yawa buɗe ƙofa, tun 1895 Frank Holbrook ya buga mata, sannan Duke Slater ya zama gwarzonta a ƙungiyar 1921 da ba a ci ba. Amma Simmons, wanda duk jihar ta ce don shi take fushi, bai taɓa zama kyaftin ɗin ƙungiyar ba, duk da cewa shi ne tauraronta shekara uku. A 1936, bayan Minnesota ta lallasa su 52 da nema, ya sami saɓani da koci Ossie Solem har ya bar ƙungiyar na ɗan lokaci kafin a shawo kansa. Sai a 1937 ne 'yan wasan suka zaɓi wani baƙi, Homer Harris, ya zama kyaftin. Jama'ar da ta yi masa kara a ranar wasa ba lallai ba ne ta zauna da shi a teburi ɗaya ranar Litinin.

Ummi:
Ni tambayata a kan shi aladen na gaske ce. Ai ba tagulla Herring ya kai ba, mai rai ne. Ina ya ƙare, kuma yaushe aka ƙera wanda ake ɗagawa yanzu? Sannan cacar da gwamnoni suka yi a bainar jama'a, doka ba ta hana ba?

Alhaji Isuhu:
'Yata, doka ta hana, har wani mai fafutikar yaƙi da caca a Iowa ya shigar da ƙarar Herring, amma maganar ba ta je ko'ina ba. Shi kuwa aladen, Olson ya sa shi a matsayin kyautar gasar rubutun zube ta yara, wani yaro ɗan shekara 14 ya ci, daga baya ya koma hannun Jami'ar Minnesota, ita kuma ta sayar wa wani makiyayi kusa da iyakar jihohin biyu. Cutar kwalarar aladu ta kashe shi a 1936, bai cika shekara da yin suna ba.

Na tagullan Olson ne ya sa wani maƙerin gumaka na St. Paul, Charles Brioschi, ya yi. Nauyinsa laba 98, wato kilo 44 da ɗoriya, tsawonsa inci 21, tsayinsa inci 15, shi ya sa za ki ga sai 'yan wasa biyu ko uku sun haɗu suke ɗaga shi. Olson bai ga an yi takara a kansa ko sau ɗaya ba, don ciwon dajin ciki ya kashe shi a watan Agusta na 1936 yana kan mulki. Iowa kuwa sai a 1939 ta fara ɗaukarsa, da ta ci 13 da 9 a shekarar da Nile Kinnick ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, shi ne wanda filin wasansu yake ɗauke da sunansa yanzu.

Malam Habibu:
Ku duba yadda muka san ƙarshen aladen dalla-dalla. To ga ƙarshen mutumin. Lokacin da Simmons ya gama jami'a, babbar gasar ƙwararru ta NFL ta rufe ƙofarta ga baƙaƙe, babu ko ɗaya a cikinta daga 1934 har sai 1946 da aka ɗauki Kenny Washington da Woody Strode. Ba a rubuta dokar a takarda ba, masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki. Mutumin da jaridu suka sa a sahun gwanayen ƙasa sai ya ƙare a ƙaramar gasa a New Jersey, ya yi aikin sojan ruwa, sannan ya koyar a makarantun gwamnati na Chicago shekaru masu yawa har ya yi ritaya. Ya mutu a 2001. Kofin yana ɗauke da sunan gwamna da sunan gona, kuma kowace shekara ana zana sakamakon wasa a kansa, amma wanda aka doka har abin ya samu ba ya cikin sunan.

Musbahu:
Gaisuwa ga manya. Ina zaune a Minneapolis, kuma zan iya shaida cewa mafi yawan masu zuwa kallo labarin gwamnoni da alade suka sani, idan ka ambaci Simmons sai su tambaye ka wane ne. Abin da ke bakinsu shi ne 2002, da magoya bayan Iowa suka ci a nan suka tumɓuke ƙarfen raga suka yi ƙoƙarin fita da shi daga filin, ko kuma 2023, da Minnesota ta ci 12 da 10 a Iowa City bayan alƙalai sun soke cin da ɗan wasan Iowa Cooper DeJean ya yi a mintunan ƙarshe. Wannan ne karo na farko da ta ci a can tun 1999, kuma 'yan Iowa har yanzu ba su huce ba.

Amma zan ƙara wa Alhaji hujja guda. Saboda ba a yanke hulɗa a 1935 ba, shi ya sa aka sami wasan 1960, lokacin da Iowa take ta ɗaya a ƙasa Minnesota take ta uku. Minnesota ta ci 27 da 10, ta zama zakarar ƙasa a shekarar, kuma wanda ya ja ragamarta a fili baƙar fata ne, Sandy Stephens, a matsayin mai jefa ƙwallo da tsara hari, matsayin da manyan jami'o'i da yawa suke hana baƙaƙe a lokacin. Jami'ar da ta zaunar da Reed a benci ita ce bayan shekara 25 ta damƙa ƙungiyarta a hannun Stephens.

Hajiya Rabi:
Musbahu, abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ba aladen ne ya kawo wannan sauyin ba. Koci Murray Warmath ne ya fita neman baƙaƙen yara irin su Stephens da Bobby Bell, kuma ya sha zagi da tsangwama a garin nan naku kafin nasara ta rufe bakin masu zagi. Tsakanin 1935 da 1960 ma ai an sake yin irin abin da aka yi wa Simmons. A 1951 Johnny Bright na Jami'ar Drake, ita ma a Iowa take, an karya masa muƙamuƙi a wasa da jami'ar Oklahoma A&M, aka naushe shi bayan ya riga ya rabu da ƙwallo. Bambancin shi ne masu hoton jaridar Des Moines Register sun ɗauki abin bi da bi, hotunan suka ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida, aka tsaurara doka a kan irin wannan duka, Drake ta fice daga gasar da take ciki don nuna fushi. Duk da haka sai a 2005 jami'ar Oklahoma ɗin ta rubuta takardar nadama, shekara 22 bayan mutuwar Bright. Da wasan 1934 ya sami irin waɗannan hotuna, ina jin wayar tangaraho ɗaya ba za ta isa ta rufe maganar ba.

Alhaji Isuhu:
To Malam Habibu, me kake so a yi yanzu? A narkar da kofin, ko a sake masa suna? Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba, don mutanen jihohin nan sun gaji abin kaka da kakanni, kuma bai hana kowa faɗin gaskiya ba.

Malam Habibu:
Alhaji, ban ce a narke ba, ban ce a sake suna ba. Su kansu sun nuna mana cewa sun san hanyar gyara. Iowa State ta sa wa filinta sunan Jack Trice a 1997 bayan ɗalibai sun shekara fiye da 20 suna matsa lamba, ita kuma Iowa ta sa wa farfajiyar wasa ta filin Kinnick sunan Duke Slater a 2021. Abin da nake nema ƙarami ne a kan waɗannan. A rubuta sunan Ozzie Simmons da shekarar 1934 a gindin kofin, inda duk wanda ya ɗaga shi zai gani, kuma jami'o'in biyu su amince cewa duk lokacin da za a ba da tarihinsa a fili ko a talabijin, daga wasan 1934 za a fara, ba daga wayar Olson ba. Minnesota kuma ta rubuta wa zuriyarsa takarda, ko da ta ce abin da Dakta ya ce ne kawai, cewa an bi shi don ya iya kuma launinsa ya ƙara wa dukan nauyi.

Dakta Bala:
A kan rubuta sunan da fara labarin daga 1934 ina tare da kai, Malam. A kan takardar kuwa, ina ganin jami'o'in biyu ya kamata su sa hannu tare, don Iowa ma tana da nata bayanin da za ta yi game da shekarar 1936.